Ciwon da Na Ce Miki Zazzaɓi Ne

Unguwar Sarki,
Kaduna.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da kike karanta wannan takarda kin riga kin sauka Maiduguri lafiya, kin sami ɗaki, kin sami abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin da muke gani da wanda ba ma gani, amin. Na ce wa Mamanki ta cusa takardar ƙarƙashin zannuwanki, don ke ce 'yar fari, kuma kin san akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa miki ido da ido ba.

Likita! 'Yata za ta yi karatun likita! Ummi, tun ranar da takardar jami'a ta zo ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na gaya wa duk wanda ke ofishinmu, na gaya wa mai shayin bakin ƙofa, na gaya wa direban bas ɗin da ya ɗauko ni daga Kawo, mutumin da ban taɓa gani ba, har ya sake sitiyari ya ɗaga hannu ya sa miki albarka. A masallaci liman bai gama shafa addu'a ba na riga na juya ina ba na kusa da ni labari. Da na dawo gida ina ta zuba, Mamanki ta ajiye tsintsiya ta ƙare mini kallo.

"Malam, ka dai sha maganinka?"

Na ce, "Na sha. Kuma jiya na yi barcina cikakke. Wannan murnar tana da dalili, ga dalilin nan a hannuna."

Ta yi dariya ta ce, "To, ci gaba, ni ma bari in taya ka."

Kin sha jin wannan tambayar a gidanmu, kuma na san kin ɗauka maganin hawan jini ake nufi. Ba shi ba ne. Ina da ciwon da likitoci ke sawa cikin rukunin da suke kira cututtukan yanayin zuciya. Shekara goma ke nan ina shan magani. Na fi son ki fara jin ma'anar wannan suna daga bakin ubanki kafin wani malami ya rubuta miki shi a allo, kuma hanyar da na sani ta bayyana miki shi ita ce in lissafa miki kurakuraina.

Zan fara da Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Ba ki san ta sosai ba, kina rarrafe ta rasu. Daga Funtuwa ta zo Kaduna bayan rasuwar kakanki, ta kama ɗaki a Unguwar Shanu, tana tuƙa tuwo tana sayar wa lebura da direbobi. Mace ce mai barkwanci, muryarta har bakin titi. Amma duk bayan shekara biyu ko uku sai wani abu ya sauko mata. Ta daina hura wuta, ta daina kitso, ta zauna a bakin gado tana kallon bango har wata biyu. Maƙwabta suka ce iska ce. Wasu suka ce an yi mata asiri saboda cinikinta. Ni kuwa, da na fara aikin gwamnati ina jin kaina, na yanke cewa lalaci ne da rashin godiya.

Wata rana na tsaya a kanta da farar rigata ta ofis na ce, "Inna, wai me kika rasa? Ga ci, ga sha, ga ɗanki yana aiki."

Ta ɗago a hankali ta ce, "Ban rasa komai ba, Isiyaku. Shi ne abin da yake ba ni tsoro."

Ban gane ba. Na fita ina tsaki a raina, kuma daga ranar na daina kai abokaina gaishe ta. Har ta koma ga Allah ba wanda ya kai ta wurin likita a kan wannan. Ummi, idan kika ga mutum ya durƙushe haka, kada ki tambaye shi me ya rasa. Tambayar tana ƙara masa laifi ne a kan nauyin da yake ɗauke da shi. Ki tambaye shi tun yaushe, ki tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, sannan ki zauna ki saurara.

Nawa ya zo da wata fuska daban, shi ya sa ban gane cewa ɗan uwan ciwon Inna ne ba. Kina aji uku na firamare lokacin. Kin san aikina zanen taswira ne a ma'aikatar filaye. Haka kawai na wayi gari jikina kamar an zuba mini wuta mai daɗi. Barcin awa biyu ya ishe ni, in tashi garau. Tunani yana zuwa mini goma goma, kowanne ina ganin ba a taɓa yin irinsa ba. Sai na ƙudurta cewa ni ne zan zana sabon birni a Katabu. Wallahi Ummi, har yanzu in na tuna sai dariya ta kama ni. Na zana tituna, na zana kasuwa, na zana makarantu bakwai da filin ƙwallo, har da inda za a dasa kowane mangwaro. Ba wanda ya sa ni. Kullum in an tashi aiki sai in hau babur ɗina in miƙa hanyar Zariya da turaku ɗaure a baya, in shiga gonakin mutane ina kafawa.

Wani dattijo ya same ni a tsakiyar gonarsa ya ce, "Malam, lafiya? Wannan turken da ka kafa cikin dawata na mene ne?"

Na ce masa, "Baba, nan ne shataletale."

Ya dube ni, ya dubi dawarsa, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Ni kuma na amsa da amin da ƙarfi, ina tsammanin albarka yake sa wa aikin.

Abin bai tsaya nan ba. Na kutsa ofishin Babban Sakatare ba tare da an kira ni ba, na baje masa taswirori a kan tebur har suka ture kofin shayinsa, na yi magana kusan awa guda ban bar shi ya sa baki ba. Na kyautar da babur ɗina ga wani mutum a tashar Kawo don kawai ya ce ra'ayina ya burge shi. Na raba manyan rigunana. Duk wanda ya ce in yi a hankali sai in hau shi da faɗa, in ce hassada yake yi. Mamanki ta ce, "Malam, wannan ba kai ba ne." Na ce mata yanzu ne ma na zama ni.

Kuskurena shi ne na ɗauki ciwo a matsayin baiwa, don yana da daɗi. Ga yadda za ki bambance, kuma ki riƙe wannan da kyau. Murnar lafiya tana da dalili, tana barin mutum ya yi barci, kuma tana jin magana. Wadda ba ta lafiya ba tana zuwa ba sallama, ta ƙwace barci, ta sa mutum ya ga duk masoyansa sun zama maƙiya. In mutum uku da kika amince da su suka ce miki kin canza, ki tsaya, ko da kina jin ba ki taɓa samun lafiya irin ta ranar ba.

Bayan kamar sati shida wutar ta mutu. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da Inna ta gaya mini ban gane ba. Na kasa tashi daga gado. Ba na jin yunwa, ba na jin daɗin komai, ko muryoyinku da nake so sai su zame mini nauyi. Alwala ta zama aiki kamar dakon buhu. Na tabbata a raina ni ba ni da amfani, kuma za ku fi jin daɗi in ba na nan. Na ce wa Mamanki ta gaya muku zazzaɓi nake yi.

A cikin kwanakin nan ne kika dawo daga makaranta da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kina ɗaga katin sakamako. Kika faɗo ɗakin kina cewa, "Baba, na zo ta ɗaya! Baba, duba!" Na ji ki sarai. Na so in tashi in ɗaga ki sama. Amma na juya fuskata bango. Kika tsaya, kika tsaya, sannan kika ajiye katin a kan tabarma kika fita a hankali. Daga baya Mamanki ta gaya mini kin tambaye ta laifin da kika yi mini. Kuma na lura tun daga lokacin ba ki sake kawo mini sakamakonki da kanki ba, sai dai ki ba ta ta miƙo.

Ummi, ba ki yi laifin komai ba. Ki yafe mini juya bayan, ki yafe mini ƙaryar zazzaɓin, wadda ta fi juya bayan muni, don ita ce ta bar ki kina neman laifi a jikinki. In Allah ya ba ki 'ya'ya, ko aka kawo miki mara lafiya mai 'ya'ya, ki tabbata an gaya wa yaran gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da aka ɓoye wa dalili shi zai ƙirƙiro nasa, kuma kansa zai ɗora wa.

An yi mini addu'a, an yi rubutu na sha, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma asibiti na ce ba za ni ba. Lokacin ana ta korar ma'aikata, kowa yana kwana da fargabar ganin sunansa a jikin allo. Na ce in aka ji na taka asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke ƙetaren kogi, aikina ya ƙare, kuma ba mai auren 'ya'yana. Mamanki ta yi ta kai takardar neman hutu ofis, yau ta ce ciwon shawara, gobe ta ce taifot. Ran nan da hantsi ta shigo da mayafinta a kafaɗa, ta ajiye mini takalma a gaban gado.

Ta ce, "Malam, na gaji da ƙarya. Na je wurin liman, ya ce addu'a suna nan suna yi, amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, a je a nema. Ga tasi can a waje. Ko ka tashi da ƙafarka, ko in kira maƙwabta su ɗauke ka kowa yana gani. Zaɓi ɗaya."

Kin san Mamanki ba ta ɗaga murya. Ranar ma ba ta ɗaga ba. Na tashi.

Muna haye gada na sunkuyar da kai don kada wani ya gane ni. Na zaci zan tarar da mutane ɗaure da sarƙa. Sai na tarar da benci cike da mutane irina: wani malamin makaranta, wata mai jego da jaririnta, wani ɗan kasuwa da carbinsa. Likitan wani gajeren Bazazzagi ne mai yawan murmushi. Ya bar Mamanki ta ba shi labari tun daga Katabu. Da ta zo kan shataletale bai yi dariya ba, rubutu kawai ya yi.

Na ce, "Likita, gaya mini gaskiya. Na haukace ne?"

Ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam Isiyaku, bari in gaya maka sunan abin da ma'anarsa. Kowane ɗan Adam zuciyarsa tana da yanayi, kamar yadda gari yake da yanayi. Yau farin ciki, gobe ɓacin rai. An yi maka haihuwa ka yi murna, an yi maka rasuwa ka yi kuka, bayan kwanaki ka dawo daidai. Wannan lafiya ce. Abin da muke kira cutar yanayin zuciya shi ne idan yanayin ya sauka ƙasa ƙwarai ko ya hau sama ƙwarai, ya wuce girman dalilinsa ko ma babu dalilin, ya zauna makonni bai tafi ba, har ya ɓata wa mutum barci da ci da aiki da zama da iyali."

Ya ce ba cuta ɗaya ba ce, dangi ne. Akwai wanda nasa sauka ce kawai, baƙin ciki mai nauyi da ke zuwa ya tafi ya dawo. Akwai wanda nasa bai yi tsanani ba amma ya daɗe shekaru, har mutane su ɗauka halinsa ne. Akwai matan da yake kamawa bayan haihuwa. Akwai kuma irin nawa, mai hawa da sauka, wanda zanen birnin da kwanciyar duk abu ɗaya ne, fuska biyu. Ya ce ba raunin imani ba ne, ba lalaci ba ne, ciwo ne da ya shafi aikin ƙwaƙwalwa, kuma wahalar rayuwa ko rashin barci suna iya tayar da shi. Ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin gara in mutu. Na ce e. Ya ce duk ranar da wannan tunanin ya dawo, a kawo ni a ranar, kada a jira gobe.

Sannan ya ce, "A danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan?"

Na buɗe baki in ce babu, sai na tuno Inna zaune a bakin gado. Ummi, ina da shekara kusan arba'in na fashe da kuka a gaban mutumin da ban sani ba. Amma ki ji abin mamaki: a tasi muna dawowa na ɗaga kaina na kalli kogi. Abin da ke damuna yana da suna, wasu suna da shi, kuma akwai abin yi. Ban warke ranar ba, sai da magani ya ɗauki makonni, amma ranar na fara yarda zan warke. Na koma aiki, ba a kore ni ba, har an ƙara mini girma sau biyu. Kuskurena a nan shi ne wata uku da na ɓata ina tsoron bakin mutane. Ke kada ki ɓata ko sati ɗaya, a kanki ko a kan wani.

Saura ɗaya, kuma wannan wauta ce tsantsa. Bayan shekara guda na ji ni garau, sai na ce me lafiyayye zai yi da ƙwaya? Na daina sha ban gaya wa kowa ba. Gab da Babbar Sallah Mamanki ta gan ni na ɗauko tsofaffin taswirorin nan daga saman kwaba ina kakkaɓe su, ina cewa ai da an ba ni dama. Ba ta yi gardama da ni ba, ta je ta duba kwalbar magani ta ga a cike. Washegari muna gaban likita. Ya ce, "Malam Isiyaku, lafiyar da kake ji ai aikin maganin ne. Ba a dainawa sai mun zauna mun yanke tare." Wannan karon kwana goma kawai abin ya ci, saboda an tare shi da wuri. Za ki haɗu da marasa lafiya masu irin taurin kaina. Kada ki yi musu tsawa, ki gaya musu tun farko cewa ranar da za su ji sun warke tana zuwa, kuma ranar ce ta fi haɗari.

Yanzu ke. Na tambayi likita ko za ku gada, ya ce yana bin jini wani lokaci, amma da yawa daga 'ya'yan masu shi ba sa samu. Ban gaya miki don ki tsorata ba, kuma kada ki mai da kowane ɓacin rai ciwo. Za ki yi kewar gida, za ki yi kuka, wata jarrabawar za ta ba ki kashi. Duk wannan rayuwa ce. Abin da nake so shi ne ki kiyaye barcinki ko lokacin jarrabawa, ki guji ƙwayoyin hana barci da ɗalibai ke sha, ki ci abinci, ki riƙe sallarki. Ki sami ƙawa ɗaya mai hankali wadda za ta iya ce miki kin canza. In kika ga sati biyu sun wuce duniya ta yi miki baƙi, ko kika ga barci ya gudu kuma ba kya gajiya, ki je asibitin makaranta, sannan ki rubuto mini. Ni ba zan tambaye ki me kika rasa ba.

Bari in rufe da abin da ya faru shekaranjiya, don ke ce sanadinsa. Duk ranar da zan je ganin likita, abin da nake gaya wa ogana, Malam Yakubu, shi ne zan je gaisuwar rasuwa. Shekara goma ina kashe dangin da ba ni da su. Shekaranjiya na ce a raina, uban likita guda yana ƙarya a kan asibiti? Na shiga na ce, "Ranka ya daɗe, ran Talata ina neman izini. Zan je asibitin ƙetaren kogi. Ina da ciwon yanayin zuciya, can ake duba ni."

Ina rufe baki na fara nadama. Sai ya tashi ya tura ƙofa ya rufe, ya dawo ya zauna kusa da ni, ba a kujerarsa ba. Ya rage murya ya ce, "Malam Isiyaku, ƙanena wata huɗu ke nan bai fito daga ɗaki ba. Mun rasa yadda za mu yi. Ƙarfe nawa za ka tafi?"

Ran Talata mu uku za mu haye gadar.

Saboda haka na ba ki izini, duk inda kika ga labarina zai sa wani ya tashi ya sa takalmi, ki ba da shi, ki ce ubanki ne.

Ki tafi, Ummi, ki yi karatu da dukkan ƙarfinki. Allah ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, ya sa waraka a hannunki da tausayi a harshenki. Allah ya tsare lafiyar jikinki da ta zuciyarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku.